Allurar Alhaji

A shekarun da dutse ya fi gero daraja a ƙasar Anka da Bukkuyum, da wuya ka wuce gida a Abare ba a jin ƙarar turmi, amma ba hatsi ake dakawa ba. Maza su shiga ramuka a daji su fito da duwatsu cikin buhuna, a kawo gida, mata su farfasa, a kai injin da jiya-jiya yake niƙa dawa ya mayar da su gari. A wanke garin, a tsince ɗan zinaren da ya kwanta. Sauran ƙurar kuwa ta bi iska ta sauka a tsakar gida, kan tabarma, bakin randa, da tafin hannun yaro mai rarrafe. Zinare ya yi tsada a kasuwannin duniya, sababbin babura suka cika gari, rufin kwano ya fara korar na ciyawa.

Sai yara suka fara mutuwa. Yaro ya kwana da amai, ya wuni da ciwon ciki, kafin a ankara ya kama jijjiga, idanu sun juye. Wasu suka ce sanƙarau ne, wasu suka ce zazzaɓin cizon sauro, tsofaffi suka ce iska ce ta ratsa gari. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda ke yawon bin sawun sanƙarau, suka ga sababbin ƙananan kaburbura sun yi yawa a ƙauyukan yankin. Aka ba da maganin zazzaɓi, bai yi ba. Da aka aika jinin yaran Turai aka auna, sai amsa ta dawo: dalma ce. Dutsen da ke ɗauke da zinaren shi ke ɗauke da gubar. Kafin a shawo kan abin, yara fiye da 400 sun tafi a Abare da Dareta da 'Yargalma da Sunke da Tungar Daji da Bagega da maƙwabtansu.

Aka buɗe wuraren jinya a Anka da Bukkuyum, aka ɗebi ma'aikatan jinya daga ko'ina. Cikin waɗanda aka ɗauka a ɗaya daga ɗakunan yaran akwai wata ƙaramar nas da ba ta daɗe da fitowa daga makaranta ba. Mutuniyar Gummi ce, don haka kowa 'Yar Gummi yake ce mata. Ba ta da saurin hannu. In aka aike ta ɗauko magani sai ta tsaya gaban kabad tana jujjuya kwalba, leɓɓanta na motsi, har masu jira su ƙosa. Abokan aiki suka sa mata suna mai karatun kwalba.

Ba ita ta ƙirƙiro wannan ɗabi'a ba. Shugabar ɗakin, wadda ake kira Sista Babba, ta fara aiki tun kafin a cire Zamfara daga Jihar Sakkwato a 1996, kuma tana da wani ƙaramin kabad mai kwaɗo da ta zagaye da jan salatif. A ciki take ajiye magungunan da kuskure kaɗan a kansu ke kai mutum kabari: insulin, ruwan fotasiyam, kwinin na allura, diyazefam na tsayar da jijjiga. Dokarta biyu ce. A karanta sunan magani sau uku, lokacin ɗaukowa, lokacin zuƙa a sirinji, da lokacin mayarwa. Sannan abin da ya fito daga wannan kabad ba ya shiga jikin yaro sai mutum biyu sun duba sun sa hannu. Kowa ya haddace dokar. 'Yar Gummi ce kawai ta ɗauka da gaske ake.

Wata rana da la'asar wata likita Baturiya ta tara su ƙarƙashin rumfa don ƙarin ilimi. Ana zafi, rabin mutane na gyangyaɗi. Ta yi bayanin ƙwayar DMSA, wadda ita ce ake ba yawancin yaran ta baki gwargwadon nauyin kowane yaro. Sannan ta rubuta sunaye biyu a allo, kusan iri ɗaya, dukansu ana taƙaita su da haruffa huɗu: EDTA. Ɗaya na da kalsiyam a cikin sunansa, ɗaya babu. Ta ce a watan Fabrairu na 2005, a wani asibiti a jihar Texas ta Amurka, wata yarinya 'yar shekara biyu mai gubar dalma ta mutu saboda an ɗaura mata marar kalsiyam a madadin mai kalsiyam. A wannan shekarar kuma wani yaro ɗan shekara biyar ya mutu a Pennsylvania da irin wannan magani. A 2008 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta janye izinin marar kalsiyam ɗin gaba ɗaya.

Sista Babba ta ga Turancin ya bi ta kan mutane ya wuce, sai ta juya musu shi da Hausa. Ta ce mai kalsiyam ɗan kasuwa ne da ya shigo da hajarsa, ya ajiye kalsiyam a jini ya ɗauki dalma, su fita tare ta fitsari. Ɗayan kuwa hannu Rabbana yake shigowa, abin da ya fara tararwa shi yake kwasa, wato kalsiyam ɗin da zuciya ke bugawa da shi. Aka yi dariya aka watse. 'Yar Gummi ta rubuta a bangon littafinta na baya.

To, a Abare akwai wani Alhaji, dillalin zinare, mai injinan niƙa a cikin gidansa. Ba mugun mutum ba ne. Shi ke biya wa mutane kuɗin mota in ciwo ya tashi, shi ke ciyar da almajirai. Jikokinsa biyu sun riga sun rasu a wannan annoba. Da damina ta yi nisa sai na ukun, ɗan shekara biyu, ya fara amai, ya daina tsayawa da ƙafafunsa. Alhaji ya sa shi a mota da uwarsa da kakarsa suka nufi asibiti.

Aka ɗebi jini. 'Yar na'urar da ake awon dalma da ita ba ta iya ƙirga abin da ya haura 65, alhali daga 45 ake fara magani. Aka ɗiga jinin yaron, ta nuna ya wuce iyakarta. Likita ya duba idanunsa, ya sa aka zura masa siririyar roba ta hanci, aka buɗe ƙwayar DMSA mai warin farar wuta aka dama aka tura. Ya ce wa Sista Babba gubar ta taɓa ƙwaƙwalwa, yaron na bukatar EDTA ta jijiya, amma na hannunsu ya ƙare, sai gobe ake sa ran wani. Ya ja fayil ya rubuta haruffan nan huɗu da adadin da za a ba shi in ya iso.

Alhaji na tsaye bakin ƙofa, kunnensa a buɗe. Shi dai tun farko ransa bai kwanta da ƙwayar nan ba. Na ɗaya kyauta ce, kuma a saninsa abin kirki ba ya zuwa kyauta. Na biyu ƙwaya ce, shi kuwa tun yana yaro ya san ciwo mai tsanani allura ke kashe shi. Ya kira direbansa gefe, ya sa wani ɗan makaranta ya rubuta haruffan a bayan takardar sayen mai, ya damƙa masa kuɗi masu kauri ya ce ya tafi birni, kada ya dawo sai da shi.

Direba ya dawo bayan sha biyun dare, ana ruwa. Likita ya tafi masauki tun bayan isha'i, bayan ya kwana biyu a tsaye. Sista Babba ma ta tafi gida. A ɗakin sai 'Yar Gummi da wani nas namiji da ya girme ta a aiki da shekaru masu yawa. Kuma kamar an shirya, daidai lokacin yaron ya sake kama jijjiga.

Alhaji ya shigo da rigarsa a jiƙe, ya ajiye ɗan kwali kan tebur ya ce, "Ga shi. Da kuɗɗina nis saye shi. A yi mashi yanzu."

Nas namijin ya buɗe kwalin, ya ga haruffa huɗu, ya buɗe fayil ya ga haruffa huɗu. Ya ce alhamdulillahi, Allah ya kawo sauƙi, ga umarnin likita a rubuce, ga magani. Ya ce wa 'Yar Gummi ta haɗa ruwan, shi zai riƙe hannun yaron.

Ta ce a fara tsayar da jijjigar tukuna. Ta kwantar da yaron ta gefe, ta share masa baki, ta duba nauyinsa a fayil, kilo 10. Ta ɗauko diyazefam, ta karanta, ta miƙa wa abokin aikinta ya karanta, ta lissafa rabin miligiram kan kowane kilo, ta zuƙi abin da ya kama ta ba shi ta dubura. Ta soki yatsansa ta auna sukari. Sannan ta ɗora hannu kan ƙirjinsa tana ƙirga numfashi da agogon da ke maƙale a rigarta, don maganin da ke tsayar da jijjiga shi ne kuma ke iya tsayar da numfashi. Jikin yaron ya saki. Sai a lokacin ta ɗauki kwalbar Alhaji.

Hasken janareto na rawa, ta kunna fitilar hannu. Kwalba ce mai kyau, ruwa garai, kwanan watanta bai ƙare ba. Ta bi dogon sunan da yatsa daga farko har ƙarshe. Ta juya bayanta. Ta zaro takardar da ke ninke cikin kwali ta warware. Ta koma kan sunan. Kalmar da take nema ba ta nan.

Nan fa zuciyarta ta rabu biyu. Ɗaya ta ce mata, ke wace ce? Jiya kika fito makaranta. Wataƙila kamfanin ne ke rubuta nasa haka. Ga rubutun likita, ga babba a aiki ya gani ya yarda. In kika hana, yaron nan ya cika kafin asuba, duk Abare za ta ji cewa magani na kan tebur wata yarinya ta tsaya karatu. Ba mai tambayar abin da ke jikin kwalba. In kuwa kika ɗaura ya mutu, ai dama rai a hannun Allah yake, yara nawa suka mutu a wannan gado, ba wanda zai ce ke ce. Ta lura cewa duk hanyar da ke kare ta ita ce ta ɗaurawa. Wannan ya ƙara tsorata ta fiye da tsawar Alhaji.

Ta ce wa abokin aikinta a hankali, "Malam, babu kalsiyam a jikinsa."

Ya ce EDTA ai EDTA ne. Ranar da aka yi darasin rumfa shi an aike shi karɓo kaya, bai ji ba. Ya ƙara da cewa in tana tsoro ta ba shi ya haɗa da kansa.

Alhaji ya matso. "Ke ɗiya, mi kike jira? Wanga yaro shi kaɗai yar rage mani."

Uwar yaron na zaune a ƙasa gefen gado. Ɗan fari ne, ga surukinta tsaye, ko sunan yaron ba ta iya kamawa balle ta sa baki. Kanta a sunkuye. Amma 'Yar Gummi ta ji an kama gefen siket ɗinta an riƙe. Ba ta san ko roƙon a yi ne ko roƙon a bari ba, kuma ba ta tambaya ba.

Ta mayar da kwalbar cikin kwali, ta taka zuwa kabad mai jan salatif, ta sa a ciki, ta datse kwaɗo, ta jefa makullin cikin aljihun ƙirjinta inda ba namijin da zai kai hannu. Sannan ta dawo ta durƙusa gaban Alhaji har ƙasa.

Ta ce, "Baba, Allah ya saka da alheri, ka yi abin da ba kowane kaka zai iya ba. Amma irin wannan magani mai tsada da ƙarfi, doka ba ta yarda ƙananan ma'aikata irinmu su taɓa shi ba. Sai babbarmu ta gani da idonta. Ga motarka a waje, ga maigadi ya san gidanta. In ka ba da izini, yanzu za a zo da ita."

Alhaji ya yi faɗa. Ya ce ya ga asibitoci har na Makka, bai taɓa ganin inda ake kulle wa mutum abin da ya saya ba. Ya zaro kuɗi ya ajiye kan gado, ta ce ya yi haƙuri. Ya ce zai kai ƙararta har Gusau, ta ce ya yi haƙuri. Kakar yaron ce ta ɗago ta ce, "Alhaji, tunda ta ce maganin manya ne, a kira manyan mana." Maganar ta yi masa daɗi ta wani gefen. Ya daka wa direba tsawa ya tafi.

Tsakanin tafiyar motar da dawowarta, 'Yar Gummi ba ta zauna ba. Wayar likita ba ta shiga, ruwan sama ya ɗauke sabis. Yaron ya ɗan motsa, ta ƙirga numfashi. Lokacin ƙwayarsa ya yi, ta duba robar hanci tana inda ya kamata, ta dama ta tura. Abokin aikinta ya koma can ƙarshen ɗaki yana duba wasu yaran, bai ƙara ce mata komai ba. Alhaji na safa da marwa a baranda, carbi na gudu a hannunsa, duk zagaye sai ya leƙo ya harare ta.

Sista Babba ta shigo da hijabi kan kayan barci. Ba ta gaisa da kowa ba. Aka ba ta makulli, ta ɗauko kwalbar, ta sa tabarau, ta haska. Ta karanta sau ɗaya, ta nemi kujera ta zauna. Ta tambaya, "An fasa wata?"

'Yar Gummi ta ce, "Ba a fasa ba, Sista."

Ta ƙirga kwalaben da kanta ta ga sun cika. Sannan ta sa motar ta koma ta ɗauko likita. Shi ma ya karanta, ya yi shiru. Ya ja fayil ɗin yaron, ya zare biro, ya ƙara sunan kalsiyam a gaban haruffa huɗun da ya rubuta da rana, ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Ya bi sauran fayilolin ɗakin ɗaya bayan ɗaya yana dubawa. Nas namijin ya zo ya ɗauki kwalbar, ya daɗe yana kallonta, ya ce wa 'Yar Gummi ta ara masa littafin nan nata in gari ya waye.

Saura Alhaji. Sista Babba ta fita baranda ta same shi. Ta daɗe a duniya, ta san ba a gaya wa mutum a gaban surukarsa da direbansa cewa ya sayo ajalin jikansa da kuɗinsa. Ta ce, "Ranka ya daɗe, maganin da ka sayo ya fi ƙarfin yaro. Ko babba aka ɗaura wa sai an yi da gaske. Za mu riƙe shi a nan, gobe mai daidai da shi zai iso." Alhaji ya gyara tsayuwa ya ce dama ya gaya wa direba ya sayo mafi ƙarfi. Amma yarinyar nan, in ji shi, ba ta da ladabin aiki, ta bar shi tsaye cikin ruwa. Sista Babba ta ce ya bar ta da ita, za ta hukunta ta.

Washegari da azahar na gaskiyar ya iso. Mutum biyu suka karanta, mutum biyu suka sa hannu. Aka tsarma shi cikin ruwan ƙari aka bar shi yana ɗiga sannu-sannu, don shi ma in aka sake shi da gudu yana iya ƙara matsi a ƙwaƙwalwar da ta riga ta kumbura, kuma yana taɓa ƙoda. Saboda haka kowane fitsarin yaron sai an tara an auna an rubuta. Kwana biyar ana haka, sannan aka ci gaba da ƙwaya. A rana ta huɗu ya buɗe ido ya nemi nono.

Ba a sallame shi da wuri ba. Likita ya ce mayar da yaro gidan da ƙasarsa ke cike da dalma ɓarnar magani ce. Da masu kwashe gurɓatacciyar ƙasa na kamfanin TerraGraphics suka iso Abare, suna kankare tsakar gidaje suna zuba sabuwa, Alhaji na cikin waɗanda suka fara buɗe musu ƙofa, ya kuma fitar da injinansa bayan gari. Yaron ya rayu. Ya yi jinkirin magana, kuma da ya shiga makaranta karatu ya riƙa yi masa nauyi, don dalma ba ta fita ta bar wuri yadda ta same shi.

Hukuncin 'Yar Gummi kuwa, Sista Babba ta cika alkawari. Ta tara ma'aikata ta ce daga yau makullin kabad mai jan salatif ya koma hannun mai karatun kwalba, kowa ke son abin da ke ciki sai ya tsaya ta gama karatunta. Kwalbar Alhaji ɗaya aka bari, aka naɗe ta da salatif aka rubuta mata gargaɗi, sauran aka lalata. Duk sabon nas da aka kawo, sai a ajiye masa ita kusa da ta gaskiyar a ce ya zaɓa.

In hanya ta bi da kai Abare ka tarar da wani dattijo a majalisa yana ba da labarin yadda ya taɓa sayo maganin da har likitocin Turawa suka ji tsoron ƙarfinsa, da yadda wata yarinya mai nawa ta kusa jawo masa asara, ka gaishe shi da kyau, ka ce Allah ya raya jika. Sista Babba ma iyakar abin da take ce masa ke nan duk sanda suka haɗu.